Ranar da Aka Hana Sarki Jin Tari

Duk kwarin Trederyn, daga bakin ramin kwal har gadar jirgin ƙasa, babu wanda bai san muryar Emlyn Prosser ba. Murya ce mai kauri, in ya sake ta a coci sai ka ji bencin da kake zaune a kai yana karkarwa. Yaran yanzu da ke murɗa rediyo suna cewa wane gwani ne, wance gwana ce, ba su ji komai ba. Mu da muka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahun mawaƙa mu ne muka ji, kuma duk sahun nan ni kaɗai na rage. Rami ya rufta da ni bai ci ni ba, yaƙi ya ɗauke ni ya dawo da ni da ƙafafuna, likitan da ya ce ba zan ga ƙarshen hunturu ba da ni aka binne shi. Ban zauna a aji ba, amma abin da idona ya gani ba mai gyara mini shi.

Shekarar da Sarki ya cika shekara ashirin da biyar a kan gadon sarauta, rabin mazan kwarin zaman banza suke yi. Rami ɗaya an rufe shi, ɗayan kuma wani makon a kira ka, wani makon a manta da kai. Shi Emlyn ma tun babban yajin aiki ba a sake miƙa masa fitilar shiga rami ba, saboda shi ne ya hau kan keken kwal ya gaya wa manaja, Mista Treharne, abin da kowa ke faɗa a ɓoye. An kore shi, amma ƙurar da ya shaƙa tun yana yaro ba ta sami labarin korar ba. Tana nan cikin huhunsa tana ci gaba da aikinta.

'Yarsa guda ce, Nesta, tana aikatau a Landan a gidan wani lauya, tana goge bene tana wanke tukwane. An daɗe rabon da a ga fuskarta, don hutun da ake ba ta bai isa zuwa da komawa ba.

Sai ga labari wai mutanen gidan rediyo za su yi shiri na musamman ranar bikin cikar shekarun Sarki, gari-gari a rera wa Sarki waƙa, ƙasa duka tana ji, kuma an zaɓi mawaƙan cocinmu. Mista Treharne ne shugaban kwamitin biki, kuma a lokacin yana neman kujerar majalisa, saboda haka ya rungumi abin kamar shi ya fara ƙirƙiro waƙa a duniya. So yake masu ramin da ke zaune a Landan su ji da kunnensu cewa kwarinsa lafiya lau, kowa ya ƙoshi, kowa yana yi wa Sarki addu'a.

Idwal Mai Sanda, shugaban mawaƙa, ya zaɓi wata tsohuwar waƙar coci cikin harshenmu, mai baiti a tsakiya wanda mutum ɗaya ke rerawa shi kaɗai. Ba a ma tambayi na wane ne ba. Tun kafin yaƙi baitin nan na Emlyn ne. Matarsa Ceinwen ta aika wa Nesta wasiƙa, amsa ta dawo cewa matar lauyan ta yarda 'yan aiki su tsaya a bakin ƙofar falo su saurara, kuma Nesta ta riga ta gaya wa kuku da direba da mai kawo madara cewa ubanta ne zai yi baitin tsakiya.

"Kai da ka rantse ba za ka taɓa cire wa Sarki hula ba," in ji Ceinwen, tana goge masa kwat ɗinsa na Lahadi.

"Har gobe ban ce zan cire ba. Sarki bai san da ni ba, ni ma ban matsu da shi ba. Amma in zai ara mini wayarsa in yi wa 'yata waƙa, to Allah ya ƙara masa wasu shekarun."

"Ka dai rage hawan tudun nan tsintar kwal. Ƙirjin nan naka..."

"Me ƙirjina ya yi? Ƙirjin da ya fi ƙofar gidan nan faɗi?"

"Faɗinsa ban musa ba, Emlyn. Abin da ke ciki nake ji."

Ana jibi biki mutanen rediyo suka iso da mota cike da wayoyi. Babbansu wani ɗan Landan ne mai laushin hannu, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe. Ya shiga coci ya tafa hannu, ya saurara, ya ɓata fuska, ya ce ginin yana amsa kuwwa da yawa, sai an rufe bango da barguna. Mata suka yaye na kan gadajensu suka kawo. Har gidajen da bargon guda ne suka kawo, suka kwana da kwat, kada a ce gidan wance ne bai taimaka ba. Aka kafa makirfo, ƙarfen ɗaukar murya, a tsakiya, aka ja waya zuwa ɗan ɗakin baya inda fasto ke ajiye littattafai, a can wani ya zauna gaban inji da wasu ƙoƙuna biyu manne a kunnuwansa.

Da aka ce a gwada, maza suka buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsu, tunda an ce a Landan za a ji, kuma Landan ba nan kusa ba ce. Mai injin ya fito a guje yana dafe da kunne. Aka yi musu bayani cewa ƙarfen ba kurma ba ne, ko numfashi aka yi yana ji. Suka rage, aka sake ɗauka, aka tafi lafiya har aka kai tsakiya. Emlyn ya tako gaba, ya ja iska.

"Dakata!" in ji mai injin daga ɗakin baya. "Akwai abin da ke busa usur a wayar nan."

Suka bi waya taku-taku, suka canza wata, aka sake. Emlyn ya ja iska, mai inji ya sake ɗaga hannu. Aka duba tagogi ko iska ce ke shigowa, aka aika a ga ko matar fasto ta ɗora buta a wuta. Wani daga sahun baya ya ce a zazzage bargon gidan Idwal, ƙila ɓera ne ya biyo shi, aka kwashe da dariya har Emlyn. Da aka zo sake gwadawa, ɗan Landan ɗin bai koma wurin wayoyi ba. Ya tsaya dab da Emlyn, ya karkata kai, ya kawo kunnensa kusa da maɓallin kwat ɗinsa. Sai fuskarsa ta canza.

"Ka yi haƙuri, Mista Prosser. Daga nan yake fitowa."

Kowa a wurin ya san ƙarar nan. Da ita ake kwana da ita ake tashi a kowane layi, har kunne ya daina kama ta, kamar yadda mai gida a bakin layin dogo ke daina jin jirgi. Sai da aka kawo ƙarfe daga Landan sannan aka tuna mana tana nan.

Mista Treharne yana bencin gaba da hularsa a kan gwiwa. Ya miƙe yana murmushi.

"Ai abin da sauƙi. Cledwyn zai yi baitin."

Cledwyn malamin makaranta ne, saurayi mai tsabtar ƙirji. Ubansa ɗan rami ne, amma shi bai taɓa shiga ba.

"Sannan duk mai tari ya koma zauren ma'aikata ya saurara tare da mata," Treharne ya ci gaba. "Ba za mu aika wa Mai Martaba tari ranar bikinsa ba."

Emlyn ya juyo a hankali.

"Yallaɓai, tarin nan a ina na samo shi? A kasuwa na saya?"

"Ba lokacin siyasa ba ne, Prosser."

"Raminka ne ya ba ni. Kwal ɗin da na haƙo shi ya tura wa Sarki jiragen ruwansa, shi ya ɗumama masa ɗaki. Ya karɓi kwal ɗin ya ji daɗi, ƙurar ce kunnensa ba zai iya ɗauka ba?"

"Ka gani ko?" Treharne ya ce wa ɗan Landan ɗin, kamar mai nuna wa baƙo kare mai cizo. "Shi ya sa yake zaune a gida."

Emlyn ya buɗe baki zai mayar masa, kuma na san irin wadda zai mayar, da ta ishi Treharne har kabari. Sai tari ya shaƙe shi. Ya naɗe shi biyu, ya dafa benci, jijiyoyin wuyansa suka tashi, kuma a cikin cocin nan da aka lulluɓe da barguna babu abin da ake ji sai shi. Wannan ya fi maganar Treharne ƙona masa rai, don jikinsa ne da kansa ya ba manaja gaskiya a gaban jama'a. Idwal ya yi ta roƙo, da ƙyar aka yarda Emlyn ya tsaya a sahun baya don sahu ya cika, da sharaɗin ba zai buɗe baki ba.

A gida Ceinwen ta zuba masa shayi, bai taɓa ba.

"Sai a sanar da Nesta," in ji ta.

"Kada ki kuskura."

"To ta tsaya a gaban kuku da direba tana jiran muryarka, ta ji ta Cledwyn? Ka san yadda suke yi wa 'yan kwari dariya a gidajen nan."

Ya ɗauki hularsa ya fita bayan gida ya zauna yana kallon tudu.

Washegari da hantsi maza suka haɗu a kan tudun da ake zubar da dattin rami, inda marasa aiki ke tsintar ɓarɓashin kwal. Suka tsuguna a kan dugadugansu yadda 'yan rami ke yi, ana ta hayaniya. Yawancinsu cewa suke kowa ya zauna a gida, Treharne ya je ya yi wa Sarki waƙar da kansa, da muryar nan tasa irin ta ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Yajin aiki dai ba a koya mana shi.

"In kun ƙi zuwa, 'yata ta ji me?" in ji Emlyn. "Shiru? Ni ba ruwana da kunyata Treharne, Allah ya riga ya yi wannan aikin. Yarinyar nan nake so ta ji ni."

Ana cikin haka sai ga Cledwyn ya hawo tudun da takalminsa na makaranta, yana zamewa yana haki.

"Kawu Emlyn, wallahi ni ban roƙa ba."

"Na sani, yaro. Kai da muryarka ba ta kai cika kofin shayi ba, ina kai ina roƙo?"

Aka yi dariya, Cledwyn ma ya yi, kunnuwansa jawur. Sai Idwal Mai Sanda ya matso ya rage murya, duk da babu kowa a tudun sai mu da tumaki.

"Na tambayi ɗan Landan ɗin yadda abin yake. Ya ce da zarar jar fitila ta kama, abin da aka faɗa ya tafi ke nan, ba a maimaitawa, ba a gyarawa. To in ta kama, muka kai tsakiya, Cledwyn ya ja gefe, Emlyn ya shigo. Wa zai zo ya janye shi daga gaban ƙarfen? Treharne? A kan kunnen Sarki?"

A kwarinmu, ko a coci ko a taron ƙungiyar ƙwadago, in mutum ya miƙe ya buɗe baki ba a katse shi sai ya zauna don kansa, ko da shirme yake zubawa. An taɓa zama ana sauraron wani tsoho yana bayanin tattabarunsa a tsakiyar taron yajin aiki, ba wanda ya ce masa ya isa. Haka muka tashi muka tarar, kuma muka ɗauka duk inda mutanen kirki suke haka ake yi. Shi ya sa maganar Idwal ta zauna wa kowa daram.

"Za a iya kore ni daga makaranta," in ji Cledwyn. Ya dubi takalminsa da ya ɓaci. "Amma in na rera baitin nan, uwata ba za ta bar ni in sake taka gidanta ba. Gara Treharne."

Ranar biki aka rataya tutoci daga taga zuwa taga, aka ba yara kofi mai hoton Sarki da guntun burodi mai zaƙi, wasunsu shi ne abincinsu na ranar. Ceinwen ta wuni tana turara wa Emlyn ƙirji da tururin buta, ta shafa masa kitsen agwagwa, ta ɗura masa zuma har ya ce ya isa haka, ba gasa shi za a yi ba. Da yamma, rana ba ta faɗi ba, ita da sauran mata da masu tarin da aka tsame suka tafi zauren ma'aikata, inda babban akwatin rediyo yake. Mawaƙa suka shiga coci. Treharne yana bencin gaba da fure a ƙirji.

Jar fitila ta kama. Ɗan Landan ɗin ya matsa gaban makirfo sanye da baƙin kwat, ya gaya wa ƙasa duka cewa ga amintattun mahaƙan Trederyn za su gaida Sarkinsu da zuciya ɗaya. Idwal ya ɗaga sanda.

Ba don ina ciki ba, amma ba a taɓa yin waƙa a kwarin nan kamar ta ranar ba, kuma ba za a sake ba. Emlyn yana baya baki a rufe, hannunsa cikin aljihu yana murza hankici. Idonsa ba ya ganin cocin, ƙofar falo yake gani wadda bai taɓa zuwa ba, da yarinya tsaye da farar rigar aiki. Aka kai tsakiya. Cledwyn ya tako gaba kamar yadda aka tsara, ya tsaya, sai ya ja gefe. Sahu ya buɗe, Emlyn ya ratso ya tsaya gaban ƙarfen.

Ya ja iska. Usur ɗin ya fito, kowa ya ji. Sannan murya ta biyo baya.

Treharne ya miƙe rabi ya koma ya zauna, fuskarsa kamar an mare shi. Ɗan Landan ɗin ya juya ya nufi ɗakin baya da sauri a kan yatsun ƙafa, mu kuwa muka ce a ranmu kunya ce ta kore shi. Emlyn bai ko dube su ba. Ya ɗauki baitin nan ya kai shi har ƙarshe ba tari ko ɗaya, yadda bai iya ba tun shekaru, bargunan matan kwari ma sun kasa shanye muryar. Idwal yana kaɗa sanda hawaye na bin gemunsa. Da aka sauke waƙar, maza suka ɗauki Emlyn a kafaɗa suka fito da shi titi, suna ihu, suka nufi zauren ma'aikata don mata su ga gwarzonsu.

Matan suna tsaye a waje. Ba mai tafi, ba mai magana. Masu tarin da aka tsame suna jingine da bango, huluna a hannu. Maza suka rage gudu, ihun ya mutu, aka sauke Emlyn. Ceinwen ta zo gabansa.

"Yaya, mace? Kin ji mijinki?"

"Emlyn, ba mu ji ba."

"Ba ku ji me ba?"

"Mun ji farko. Mun ji ka ja numfashi, ka fara, sai muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɓace. Sai wani ya ce a yi haƙuri, an sami matsalar waya daga Trederyn. Suka sa faifan badujala."

Ashe akwai wani ɗan maɓalli a jikin injin nan na ɗakin baya, bai fi kan kwalba ba. In aka murɗa shi, mutum yana tsaye yana zuba ransa a gaban ƙarfe, amma ba inda muryarsa take zuwa. Jar fitilar ma ba su kashe ba, suka bar shi yana yi wa barguna waƙa. A ce mutum ya yi maka ihu ka yi shiru, ka san da wa kake faɗa. A ce ya ja ka da hannu, ka ja shi. Amma a zauna a ɓoye a bayan ƙofa a murɗe maka murya da yatsa biyu, kana ganin kana magana da 'yarka! Na ga mugunta iri-iri a rami da fagen yaƙi, ban ga mai ƙarancin kunya kamar wannan ba.

Emlyn ya koma cocin shi kaɗai. Ya tarar da ɗan Landan ɗin yana naɗe waya.

"Wa ya ba ka ikon katse mutum yana tsaye?"

"Mista Prosser, an tsara shirin, an amince da shi. Ba ni da ikon barin abin da ba a tsara ba ya fita."

"Ka ce wa mutane waya ce ta lalace."

"Haka ake faɗa."

"Haka ake faɗa! Kana da 'ya?"

Mutumin ya ci gaba da naɗe wayarsa, idonsa a ƙasa. Daga baya ya ce, a hankali, bai taɓa jin murya irin wannan ba.

"Kai ka ji ai," in ji Emlyn. "Ba kai na yi wa ba."

Ya cire bargon gidansa daga bango, ya saɓa a kafaɗa, ya fita.

Jarida ta rubuta cewa garuruwa sun gaida Sarki cikin murna, ta yabi Mista Treharne da ƙoƙarinsa. Emlyn ya daina zuwa gwajin waƙa. Sai ya zauna a dokin ƙofa tun safe, in an gaishe shi ya ɗaga hannu. Abin da ke cin sa shi ne tunanin yarinyar tsaye a gaban kuku da direba, badujala na tashi, suna kallonta.

Ba a yi mako ba, wata rana da azahar, ya hango mace tana hawo layin da jaka a hannu, tana tafiya irin ta mai zuwa rigima. Sai da ta zo dab ya gane ta. Ta yi tsawo, ta rame, hannuwanta jawur saboda wanki.

"Nesta! Hutu suka ba ki?"

"Tun yaushe, Dada?"

"Tun yaushe me? Ba gaisuwa?"

"Tun yaushe ƙirjinka yake haka?"

Ceinwen ta fito tana goge hannu, ta rungume ta, ta ja ta ciki, tana cewa ta zauna tukuna ta sha shayi. Nesta ta ajiye jaka amma ba ta zauna ba.

"Har da ke, Mam. Kullum a wasiƙa Dadanki lafiya lau, Dadanki yana gaishe ki. Muna tsaye a bakin falo, sai na ji an ja numfashi. Masu gidan suka ce akwatin rediyon ne ya sami matsala. Ni za a gaya wa akwati? Ni da na girma a layin nan? Na san abin da ke biyo bayan ƙarar nan, na ga gidajen da aka sauke wa labulen makoki."

"Kin bar aikin ke nan?" in ji Emlyn.

"Na nemi izini, matar ta ce gida cike yake da baƙin biki, ba inda za ni. Na ninke mata rigar aikinta na ajiye a kan tebur."

Emlyn ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Wa ya ce ki bar aiki saboda tari? Rabin layin nan tari yake! Kowa 'yarsa ta baro aiki ta dawo ta zauna tana kallonsa? Me za ki ci a nan, tutoci?"

"Abin da kuke ci."

"Ji mini yarinya! Ceinwen, kin ga irin taki ko?"

"Tawa?" in ji Ceinwen. "Ni na hau keken kwal na zagi manaja?"

Ya zauna yana huci, ƙirjin na busa abinsa, su biyun suna tsaye a kansa. Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Amma kin ji muryar?"

"Kalma biyu ko uku. Sai badujala."

"Yaya suka fita?"

Nesta ta dube shi.

"Kuku ta dafe ƙirji ta ce, wannan ne uban naki? Direba ya cire hula."

"Ai dole ya cire," in ji Emlyn, ya gyara zama.

"Saura," in ji ta. "Na tsaya a gaban mutane ina jira, aka ba ni kalma uku. Na biyo sauran."

"Za ki ji usur ɗin."

"Tun daga Landan na ji shi."

Sannan ya miƙe, ya dafa bayan kujera, ya ce wa Ceinwen ta rufe ƙofa, wannan ba na gari ba ne. Ta rufe, amma bangon gidajen kamfani bai fi kwali kauri ba, kuma ni ne maƙwabcinsa, saboda haka duk duniya bayan su biyun ni kaɗai na ji waƙar da ya rera. Bai kai ta ranar biki ba, ba zan yi ƙarya ba. Tari ya tare shi a tsakiya, ya tsaya ya gama da shi, ya koma inda ya bari, ya kai ta ƙarshe.

Sai na ji muryar Nesta, a dishe.

"Ka ɗan yi ƙasa a ƙarshen, Dada."

"Ƙarya kike! Landan ta lalata miki kunne."

"Na ji dai. Zauna. Mam, ina butar? A ɗora ruwa a turara masa ƙirjin nan."